Daga Lungunan Tekun Norwe Zuwa Fadamar Baturiya: Wa Zai Fara Zuwa Kallon Namu?

Makonni biyu da suka wuce na je gida Gagarawa ɗaurin aure. Bayan la'asar muna zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida ana ta hira, sai saƙo ya shigo wayata. Ɗan ƙanwata ne da ke karatu a birnin Bergen na ƙasar Norwe ya turo hotuna, ya rubuta a ƙarƙashinsu: "Kawu, ga inda muka je hutu. Da ka ga wurin nan da ka rasa bakin magana."

Lallai kuwa wurin ya isa a rasa bakin magana. Ruwa ne shuɗi, kwance lumui tsakanin wasu dogayen duwatsu biyu da suka miƙe kamar bango. Daga ƙolin dutsen wani farin ruwa yana kwararowa kamar an saki rawani. Can a kan wani ɗan tudu, tsakanin sama da ƙasa, ga wani gidan katako shi kaɗai. Waya ta yi ta zagaya hannuwa har ta kai ga maƙwabcinmu, dattijon da ya haura shekara tamanin, wanda a ƙuruciyarsa ya yi dakon buhunan gyaɗa a tashar jirgin ƙasa ta garinmu. Ya daɗe yana duba hoton, sa'an nan ya ɗago ya ce da ni: "Malam, to su waɗannan bayin Allah me suke nomawa a kan wannan dutse?"

Samari suka fashe da dariya. Ni ma na yi murmushi na ce: "Baba, ai wurin kallo ne." Amma da na koma masauki na yi ta juya tambayar a raina, sai na gane duk cikinmu shi kaɗai ne ya dubi hoton da idon basira. Tambayar tasa ce ta haifi rubutun wannan mako.

Irin wannan wuri su mutanen can suna kiransa fiyod. Dogon lungu ne na teku da ya kutsa cikin tudu tsakanin duwatsu. Masana sun ce a zamanin da ƙanƙara ta lulluɓe arewacin duniya, manyan tsaunukan ƙanƙara ne suka yi ta jan ciki suna sassaƙe duwatsu har suka haƙa kwaruruka masu zurfi. Da ƙanƙarar ta narke sai ruwan teku ya shigo ya cika su. Mafi tsawo a Norwe shi ne na Sogne, wanda ya kutsa cikin ƙasa fiye da kilomita 200, zurfinsa kuma a wani wurin ya haura mita 1,300. A shekarar 2005 hukumar UNESCO ta sanya biyu daga cikinsu, Geiranger da Naeroy, cikin jerin wuraren gadon duniya. Garin Geiranger ɗin nan mazaunansa ba su kai ɗari uku ba, amma baƙin da ke ziyartarsa a shekara dubban ɗaruruwa ne.

Sai dai kyan wuri ba ya shiga tukunya. Ƙasar da za a iya nomawa a Norwe ba ta wuce kashi uku cikin ɗari na faɗinta ba. Gidan nan da Baba ya gani a hoto irinsa ne manoman da suka rasa fili a ƙasa suka riƙa ginawa a kan leɓen dutse, suna kiwon awaki, suna yankan ciyawa a gangaren da ko akuyar sai ta yi hattara. Har yau ana ba da labarin yadda iyaye kan ɗaure ƙananan yara da igiya don kada su gangara cikin ruwa. Wahala ta kori mutane da yawa. Tsakanin 1825 da 1925 wajen mutum 800,000 suka bar Norwe zuwa Amurka cin rani, yawancinsu ba su dawo ba. Gonakin kan dutse suka zama kufai. Man fetur da ake danganta arzikinsu da shi a yau sai a 1969 aka gano shi.

To me suka yi har kufai ya koma abin da ake biyan kuɗi a je gani? Abu na farko hanya. Akwai wani ɗan layin dogo mai tsawon kilomita 20 da ya sauko daga tashar Myrdal, mai tudun mita 866, zuwa ƙauyen Flam a bakin ruwa. An buɗe shi a 1940 bayan aikin fiye da shekara goma sha biyar, yawancin ramukan da ya ratsa da hannu aka fasa su. Asalin manufarsa a haɗa ƙauyukan bakin ruwa da babban layin Oslo zuwa Bergen. Yau yana cikin abubuwan da suka fi jan baƙi a ƙasar. Abu na biyu doka: tun 1957 suka rubuta tsohuwar al'adarsu a dokar ƙasa, cewa kowa yana da ikon ya yi yawo a daji da dutse da bakin ruwa, muddin bai taka shuka ba, bai matsa wa gidan wani ba, bai bar ƙazanta ba. Abu na uku, wanda ya fi ɗaukar hankalina, shi ne sun ƙi yarda ƙauye ya mutu. Gwamnati tana tallafa wa ƙananan manoma da makiyaya su zauna inda suke, domin sun lura cewa da zarar awaki sun daina kiwo a gangare, sai kurmi ya rufe wurin, kyan ya tafi. Ƙauyen Undredal, wanda awakinsa sun fi mutanensa yawa, da cukun nonon akuya ya yi suna, baƙi kuma suna sauka musamman don su saya. Tsofaffin gidajen kan dutse kuwa, wata ƙungiyar sa-kai ta mutanen yankin ce ta shiga gyara su da hannunta.

Ashe amsar tambayar Baba ita ce: awaki suke kiwo, kuma kiwon nan yana cikin abin da baƙo yake zuwa gani. Wanda ya biya kuɗin jirgi daga Japan ko Jamus yana son ya ga ruwa mai tsabta, ya ga ƙauye mai rai, ya ci abin da mutanen wurin suka sarrafa da hannunsu.

Yanzu mu dawo gida. Na san mai karatu zai ce ina ruwan mutumin Gumel da lungun teku, mu da ko kogi ba mu da shi a masarautarmu? Gaskiya ne. Teku ta yi mana nisa, duwatsu kuma sai an nufi Dutse ko Birnin Kudu. Amma a gabas da mu, tafiyar da ba ta wuce ta yini ɗaya a je a dawo ba, akwai wurin da ruwa yake kutsawa cikin tudu lungu-lungu kamar yadda yake yi a can. Bambancin kawai, su ƙanƙara ce ta sassaƙa musu dutse, mu iska ce ta jera mana jigayi. Kogin Haɗejiya da na Jama'are, idan suka iso ƙasar rairayi, sai su rasa gangare su bazu tsakanin tsofaffin jigayin nan, su zama tafkuna da fadamu da ƙoramu, kafin abin da ya rage ya tattaru ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Wannan ita ce fadamar Haɗejiya da Nguru, Baturiya kuma, a ƙaramar hukumar Kirikasamma, tana cikin ƙofofinta.

Ina jin kunyar faɗa, amma sai da na haura shekara arba'in kafin na taka Baturiya. A wani hunturu ne, cikin watan Janairu. Muka tashi daga Gumel muka bi ta Malam Madori muka kwana a Haɗejiya, da asuba muka kama hanya. Wani masunci ya yarda ya ɗauke mu a kwalekwalensa. Hazo bai gama washewa ba, sanyi yana ratsa ƙashi, ba ka jin komai sai ƙarar gorar da yake tura jirgin da ita. Da muka karya wata kwana sai ruwan ya buɗe, na ga abin da na zaci ciyawa ce ta rufe shi. Masuncin ya buga gora a gefen jirgi, sai ciyawar ta tashi sama gaba ɗaya. Tsuntsaye ne, dubbai, har sai da suka dushe hasken rana. Ga kirinjijiya tana fito, ga ɗinya, ga zalɓe a tsaye kamar mai gadi, ga balbela ta yi fari fat a kan itatuwa. Na tambaye shi sunan wasu ƙananan agwagi da ban taɓa gani ba, ya ce: "Alhaji, waɗannan baƙi ne. Da sanyi suke zuwa, kafin bazara sun tafi."

Baƙi ne kuwa. Da yawa daga cikinsu a arewacin Turai da Siberiya suke ƙyanƙyasa, har da yankin da Norwe take ciki. Idan ƙanƙara ta rufe musu ruwa sai su keto Bahar Rum, su keto Sahara, tafiyar dubban kilomitoci, su sauka a nan su ci rani tare da mu. Wato tun kafin ɗan ƙanwata ya san hanyar ofishin biza, akwai zirga-zirga tsakanin can da Jihar Jigawa. Tsuntsun Turai ya san Baturiya, ɗan Gagarawa bai san ta ba.

Duniya ma ta san ta. A shekarar 2000 aka sanya tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2008 aka ƙara da Baturiya. A 2020 UNESCO, wadda ta karrama Geiranger, ta amince da yankin Haɗejiya da Nguru da Bade a matsayin wurin da za a kiyaye halittu tare da rayuwar mutanen da ke cikinsa. A wannan shekarar ce kuma Gwamnatin Tarayya ta amince a ɗaga dajin Baturiya zuwa gandun daji na ƙasa. Takardun yabo dai ba mu rasa su ba.

Abin da muke rasawa shi ne ruwan kansa. Rayuwar fadama a kan ambaliya mai lokaci take: ruwa ya zo da damina ya malale, kifi ya hayayyafa, a shuka shinkafa, ya janye da rani, a bi sawunsa da alkama da wake da tattasai, makiyayi ya shigo da shanu su ci ɗanyar ciyawa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka bi da ta Challawa a 1992, wannan tsari ya rikice. Ba na cikin masu zagin madatsun nan, domin da su Kano take shan ruwa, da su manoman Kadawa suke noman rani. Amma ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara, maimakon ya zo da ƙarfi ya wanke hanya sa'an nan ya bushe, shi ya ba ciyawar kacala damar mamaye magudanai. Inda kacala ta toshe hanya, wani gari ya nutse, wani ya ƙafe. Cikinta kuma tsuntsayen jan-baki suke samun mafaka su far wa gonakin shinkafa da gero. Ambaliyar 2022 da ta ci rayuka da gonaki a jihar nan ba ta bar zukatan mutane ba tukuna. A gefe guda gatari yana cin itatuwan bakin ruwa saboda girki da gawayi da bandar kifi. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka auna amfanin da ruwa yake bayarwa idan aka bar shi ya malala a wannan fadama, suka kwatanta da amfaninsa a manyan gonakin ban ruwa na sama, suka tarar na fadama ya fi nesa ba kusa ba, idan aka haɗa kifi da noma da kiwo da itace. Shekara talatin ke nan da wannan bincike, kacala kuwa ba ta karanta rahoto.

Masuncin nan ya nuna mini wata hanya da ya ce a zamanin mahaifinsa jirgi biyu suna gilmawa a cikinta. Ranar da muka je ko gora ba ta shiga. Ya ce 'ya'yansa biyu suna Legas suna acaɓa. Nan na tuna da kufan kan dutse na Norwe. Su sai da ƙauyukansu suka watse kafin suka farga. Mu namu suna da sauran rai, kuma rigakafi ya fi magani.

Kada kuma a zaci sai an je ƙasar Haɗejiya za a ga abin kallo. Masarautar Gumel, mai ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, tana da nata. Duk wanda ya taɓa tsayawa a karar dabbobi ta Maigatari ranar Alhamis, ya ga raƙuma da manyan shanu masu dogayen ƙaho da aka koro daga Nijar, ya ji Hausa da Fulatanci da Barbarci da harshen Buzaye suna cakuɗuwa a ciniki ɗaya, ya san ya ga abin da babu irinsa a Turai duka. Ga hawan sallah a ƙofar fadar Lautai. Ga gonakin riɗi da zoɓo da kaka, idan zoɓo ya nuna fili ya yi ja wur har iya ganinka. Ga layukan darbejiya da iyayenmu suka dasa don tare hamada. Ga tarihi: a 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar nan da sunan Abdulkarim, ya sauka a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya rubuta cewa babbar kasuwar kanwa ce. Yara nawa ne a makarantunmu suka san garinsu yana cikin littafin da ake karantawa a jami'o'in duniya?

Sa'an nan ga layin dogo. Layin da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim, ya ratsa Gagarawa da Malam Madori da Birniwa, ya isa Nguru a 1930. Don gyaɗa da fatu da shanu aka shimfiɗa shi, kamar yadda aka shimfiɗa na Flam don bukatar ƙauyawa. Ƙarshensa kuma a bakin fadamar yake. Yaran yanzu sun fi sanin tashar fiye da jirgin. Ka kwatanta tarago biyu cike da ɗalibai sun tashi daga Kano ranar Asabar cikin hunturu, sun tsaya a Gagarawa an sayar musu da kantu da zoɓo da dafaffen ƙwai, sun isa Nguru da rana masu kwalekwale suna jiransu. Ƙarfen yana nan kwance, ba sai an fasa dutse ba.

Na san abin da za a ce. Za a ce mai jin yunwa ba ya yawon buɗe ido, kuma wane Bature ne zai zo arewacin Nijeriya a wannan hali na tsaro? Za a ce baƙi suna zuwa da ɗabi'un da ba namu ba. Duk maganganu ne masu nauyi, ba na raina su. Amma ni ban ce a jira Bature ba. Mutanen Norwe da kansu suka fara hawa duwatsunsu, iyaye suna jan 'ya'yansu ranar hutu, kafin baƙi su biyo sawu. Mu ma muna da masu kuɗin da suke kwashe iyali zuwa Dubai ko Alƙahira hutu, muna da jami'o'i a Dutse da Kafin Hausa, da kwalejin ilimi a nan Gumel, da ɗaruruwan makarantun sakandare. Ɗalibin da aka koya wa ƙaurar tsuntsaye a allo alhali abin yana faruwa a jiharsa, an tauye masa haƙƙi. Game da ɗabi'a kuwa, mai gida ne yake shimfiɗa ƙa'ida. Su ma can da hayaƙin manyan jiragen ruwa ya dame su, majalisarsu ta yanke a 2018 cewa dole a kai ga hana masu fitar da hayaƙi shiga waɗannan lunguna biyu. Wanda ya san darajar abinsa shi yake gindaya sharaɗi.

Tsorona ɗaya ne, kuma ina so masu iko su ji shi. Kada sunan gandun daji na ƙasa ya zama sandar korar masunci da makiyayi da mai yankan kaba. Idan aka kewaye wuri aka ce na tsuntsaye ne da baƙi, aka mai da ɗan gari ɓarawo a gonar kakansa, to an shuka gaba, kuma ranar da mai gadi ya juya baya gatari zai yi aiki. Da ɗan gari akan ci gari. Masuncin da ya kai ni ya san kowane tsuntsu da lokacin zuwansa fiye da littafi. A horar da irinsa su zama 'yan rakiya da masu gadi, kuɗin shiga kuma a ware wa garuruwan wurin kaso bayyananne wanda za su gani a rijiya da aji da ɗakin shan magani. Ranar da tsuntsu mai rai ya fi gasasshe kawo kuɗi, babu wanda zai ɗana masa tarko.

Saboda haka ga roƙona, kuma ban roƙi otal mai hawa goma ba. A zauna tsakanin Kano da Jigawa da Yobe da Bauchi da hukumomin kogunan a daidaita sakin ruwa yadda fadama za ta samu ambaliyarta a kan lokaci, a kuma ci gaba da yashe magudanai ba sai ruwa ya ci gari ba. A kafa alluna a kan hanya, a gina 'yan ɗakunan kwana masu tsabta da makewayi da wurin salla, a samar da rigunan kariya a jiragen ruwa, domin mun sha makokin kifewar kwalekwale a jihar nan. Ma'aikatar ilimi ta sanya ziyarar Baturiya ko zanen duwatsun Birnin Kudu ko kasuwar Maigatari cikin abin da kowane ɗalibin sakandare zai yi kafin ya gama. Ƙungiyoyin ci gaban garuruwanmu, waɗanda ba sa gajiya da shirya taron karramawa, su ɗauki nauyin mota ɗaya a shekara. Tafiya mabuɗin ilimi ce, ba a kuma ce sai ta jirgin sama ba.

Kafin na baro Gagarawa na koma wurin Baba na ba shi amsar tambayarsa. Na ce masa awaki suke kiwo, gwamnatinsu kuma tana taimakonsu don kada su tashi. Ya jinjina kai ya ce: "To ai ka ji. Wuri ba ya kyau in babu mai shi." Sa'an nan ya ba ni labarin yadda suke hawa jirgi zuwa Nguru a ƙuruciya, su dawo da bandar kifi cike da kwando.

Ɗan ƙanwata zai zo hutu cikin Disamba in Allah ya yarda. Na riga na gaya masa ya taho da na'urar hangen nesa, domin akwai inda zan kai shi ya gaisa da waɗanda suka riga shi tahowa daga can. Mai karatu, hunturu yana tafe. Kai ma ka tambayi 'ya'yanka ko sun taɓa ganin iyakar jiharsu.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.